Dakan Bayan Katanga

Turmin ya ƙi shiga ƙofar.

Ni da Gladys munka gangaro shi tun daga tsakar gidana, munka fito ta zaure, munka bi gefen kwata, munka shiga gidansu lafiya lau. Sai a ƙofar ɗakin ubanta ya cije. Ƙofar da ma ƙarama ce, ga shi ya bi ta ya manna mata soson katifa ciki da waje.

"Ku karkata shi," in ji Baban Gladys daga ciki.

"Mun karkata."

"Ku karkata da kyau. Ku yi hankali da wayoyina."

"Baban Gladys, turmi ne fa, ba akuya ba. Ba shi da wuyan da za a lanƙwasa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Gladys ta saki turmin ta tsallake shi ta shiga da gudu. Ni na tsaya waje riƙe da taɓarya, ina jin zafin ɗakin shina dukan fuskata kamar an buɗe murfin tukunya.

Sunanshi Joel, amma duk garin Zuru Joel Mai Situdiyo anka sani, mai ɗaukar waƙa. Katanga guda ta raba mu tun ranar da anka kawo ni gidan Malam Ɗanjuma ina amarya. Su Kirista ne, mutanen kan tudu, mu Musulmi. Gladys ita kaɗai ce ɗiyarshi, tana koyarwa a Kaduna. Ta ajiye aikinta ta zo lokacin da asibiti sunka sallamo shi. Zuciyar ce ta kumbura, ƙafafu sun cika ruwa. Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce a kai shi gida, a sama mashi wuri mai iska, a ba shi abin da ranshi ke so.

Wuri mai iska! Ɗakin da ya sa anka shimfiɗa mashi katifa ko taga babu. Da akwai, shi ya toshe ta da bulo da hannunshi shekaru da sunka wuce. Bango duk kwalin ƙwai, rufi duk soso. In ka shiga ka rufe ƙofa, ko ihu ake a waje ba ka ji. Kuma duk saboda ni ya yi haka, ni da taɓaryata.

Da farko Gladys ta zo mani da kuka. Ina tsince shinkafa ta zauna a kan dutsen wanki.

"Mama, ya ƙi fita. Na ce mu sa gado a baranda, ya ce sai ya gama waƙar mamana."

"Wace waƙa? Wadda yake gamawa tun kina tsallen igiya?"

"Ita. Mama, numfashi ma da ƙyar yake yi a ciki. In anka ɗauke wuta na tada janareto, sai ya ce a bar fanka a ba kwamfuta. A ɗakin nan zai mutu."

Na ce mata, "Rai na hannun Allah, ɗiyata." Amma na san gaskiya ta faɗa.

Uwarta Alice ƙawata ce. Ta kan katangar nan muke miƙa ma juna gishiri da garwashi da labarin mazanmu. Tana cikin mawaƙan zumuntar mata na cocinsu, muryarta in ta ɗaga har bakin titi ake ji. Joel noman aure ya yi ma ubanta kafin a ba shi ita, yadda mutanensu ke yi, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. "Da fartanya na samo muryar nan," haka yake cewa.

Lokacin ba shi da komai sai rediyo mai bakin kaset biyu. Zai ɗauki murya a wannan, ya saki ta, shina kaɗa jita a kai, ɗayan bakin shina ɗauka. In ya juye sau biyu sau uku, sai waƙar ta cika da shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Wata safiya ya ɗora rediyon a kan kujera 'yar tsugunne gindin mangwaronsu, jikin katanga. Ni kuma ina bayan katangar ina surfen gero, Munira ɗiyata tana goye a bayana. Sai ga kanshi ya leƙo.

"Maman Munira, don girman Allah, ki ɗan tsaya. Waƙa za mu ɗauka."

"In na tsaya, waƙar za su ci da rana?"

Alice ta fashe da dariya. "Bar ta. Ka danna kawai."

Ya danna. Ta yi waƙarta da yarensu, ni na ci gaba da dakana. Ban ji duka ba, amma ta taɓa faɗa mani ma'anar: mutum ne ya dawo daga gona a gajiye, ya tarar an bar mashi ƙofa buɗe. Da ya saurara ya ji duf, duf, duf ɗina daga farko har ƙarshe, sai ya hau faɗa. Ya ce ranar Asabar za su sake, a ɗaki, ƙofa rufe. Kafin Asabar Alice ta tafi kasuwar Ribah, motarsu ta kife a hanya, ba ta dawo da rai ba. Ni na yi ma Gladys kitso a satin makoki.

To shi ke nan. Kaset guda, murya guda, da taɓaryata a ciki.

Tun daga nan duk na'urar da ta fito sai ya saye ta, kuma Alice ce farkon shiga. Ya kawo wata daga Jos mai layi huɗu, ya ce yanzu murya da jita da ganga kowa da hanyarshi, ba sa taka juna. Bayan ita ya kawo kibod mai cin wasu faifai masu kama da biskit, wanda zai danna ya je ya sha ruwa ya dawo, kiɗa na tashi shi kaɗai ba makaɗi. Yara sunka cika ƙofar gida suna cewa aljani ne. Daga baya sai ga kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, an ɗauko ta a mashin rungume kamar amarya. A lokacin ne ya toshe taga.

Wata rana ya aiko in zo. Na shiga da hijabina na tsaya bakin ƙofa. Ya nuna mani gilashin, ga muryar Alice a kwance kamar ƙayar kifi.

"Kin ga waɗannan tsinin? Ke ce. Dā ke nan. Saurara yanzu."

Ya danna. Alice ta fito ita kaɗai, tas, babu duf ko ɗaya. Watanni ya yi shina bin su ɗaya bayan ɗaya shina gogewa.

"Na kore ki daga waƙar, Maman Munira."

"Allah raka taki gona," na ce. Na koma na ɗora girkina.

Kaset ɗin asali kuwa ya jefa a durowa, tunda ya ga ya gama da shi. Damina ta bi ta kanshi, fumfuna ta cinye.

Daga ranar ne abin ya ƙi. Firogiram ɗin da ke cikin kwamfutar, wanda yake haɗa kiɗa da shi, gilashin duk layuka ne tsaye da kwance kamar ragar akurkin kaji. Akwai wani abu a ciki mai ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri ba ya nawa. Kowane bugu dole ya zauna a kan layi. Ganga ta zauna, jita ta zauna, Alice ta ƙi. Nan ta riga layi, can ta makara. Ya yanka muryar gunduwa-gunduwa ya jera kowace a kan layinta, sai ta fito tana ɗingishi. Ya sake. Anka fito da sabon firogiram, ya sa anka zuba mashi, ya sake daga farko.

Waƙar kowa kuwa gamawa yake yi. 'Yan kwaya, wato mawaƙan coci, daga Danko da Sakaba, masu biki, 'yan siyasa, har ɗaliban Islamiyyarmu da za su yi walima, da safe su shiga, da yamma su fito da faifansu. Ta matarshi ce kawai ba ta ƙarewa. Daga baya samari sunka fara haɗa kiɗa a waya suna zaune kan benci, mutane sunka daina zuwa. Ya rage daga shi sai tsohuwar kwamfutar. Ba ya yarda a matsar da ita ko taku guda, don an taɓa ɗaga ta a share ƙarƙashi ta yi kwanaki ba ta farka ba. Inda take, nan yake.

Gladys ta gwada nata. Ta lallaɓa shi ya bar ta ta kwashe muryar, wadda bai sa ma almakashi ba, zuwa tata kwamfutar ta hannu. Ina wurin, na kawo kunu.

"Baba, na yanzu ba irin naka ba ne. Wanga shi ke sauraron murya ya bi ta da kanshi. Ba sai ka yanka komai ba. Ji."

Ta danna. Ganga ta fito tana bin Alice, in ta yi sauri ta yi sauri, in ta ja ta ja. Ni dai na ji daɗi a kunnena. Shi ya rufe ido, can ya girgiza kai.

"Kashe. Wannan bin ta yake yi kamar ɗan sanda."

"To Baba, mi kake so?"

Ya daɗe shina kallon kwalin ƙwan da ke saman kanshi. Sai ya juyo gare ni.

"Maman Munira, ba ita kaɗai take waƙar ba. Jingine take. Na cire mata bango, na zo ina zana mata wani a gilashi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kina da turmin nan har yanzu?"

"Shina nan. Kaji ke kwana a kai."

"Ki dawo cikin waƙar."

"Kai da ka kore ni?"

"Na yi kuskure. Ki dawo. In waƙar ta zauna, Gladys ta kai ni duk inda take so."

Na ce mashi sai na yi shawara. Na farko, rabona da daka tun da injin niƙa ya zo bakin layinmu, kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Na biyu, waƙar coci ce. Bayan magariba na faɗa ma Malam, shina zaune a buzunshi.

"Waƙa ya ce ki yi?"

"A'a. Daka."

"Gero haram ne?"

"A'a."

"To maƙwabcinki na kwance ya roƙi daka. Da ruwa ya roƙa za ki tsaya tambayata?"

Abin da ya kawo mu ga turmi a bakin ƙofa ke nan. Ƙarshe sai da na sa hannu na yage soson ƙofar gefe guda, sannan ya shige. Baban Gladys ya ga soson a ƙasa ya kau da kai.

Munka kafa turmin tsakiyar ɗaki, tsakanin katifarshi da teburin kwamfuta. Gladys ta kawo makirfo ta saita a bakin turmin.

"Bismillah, fara," in ji shi.

"Da mi? Ina geron?"

"Ba sai da gero ba. Ƙarar kawai nake so."

"Ni in daki turmi wayam? A gidan da ke da majinyaci? Allah ya kiyaye. Uwata ko yaro ta gani shina wasa da taɓarya a turmin da ba komai sai ta zane shi. Yunwa ake kira ma gida."

"Camfi ne, Maman Munira."

"Camfi ko ba camfi ba, hannuna ba ya yi."

Na koma gida na auno gero na yayyafa mashi ruwa na kawo. Gladys ta ɗora mani abin ji a kunne, mai kama da faifan tuwo biyu, a kan ɗankwalina. Ta rufe ƙofa. Ta danna.

Wallahi ban shirya ba. Alice ta shigo tsakiyar kaina, har jan numfashinta ina ji, kamar ta leƙo ta katanga za ta ce in ba ta gishiri. Taɓaryar ta tsaya a sama.

"Sake," in ji shi.

Munka sake. Na bi ta, ta tsere mani. Na yi sauri, na wuce ta. Taɓarya ta daki soson rufi ta dawo a karkace. Turmin a kan siminti ƙara yake kamar ana buga ƙofar gwangwani. Zufa ta jiƙe mani riga, ɗakin warin man zafi da ƙurar waya, iska babu.

"Kin makara. Sake."

"Kin yi gaggawa. Sake."

"Maman Munira, ba ke ke bin ta ba. Ita ke bin ki."

Na cire abin kunnen na ajiye. "Baban Gladys, wanda ya mutu shina bin mai rai?"

Na so in haɗiye maganar, ta riga ta fita. Ya juya fuska ga bango. Kafaɗunshi na hawa suna sauka, bakinshi buɗe kamar kifin da anka jefo tudu.

Gladys ta durƙusa gabanshi. "Baba, ka gani, an gwada. Bari mu fita waje, ko na ɗan lokaci."

"Ku rufe mani ƙofa in kun fita."

Anka kira azahar. Na kwashe gerona a ƙwarya, ko rabin surfe bai yi ba. Na ce ma Gladys ta kama mu mayar da turmina. A zaure ta tsaya ta kifa kai a bango tana kuka ba sauti. Na ce ta share fuska ta je ta ba shi magani, kuka ba ya sauke kumburi. Da na idar da salla na daɗe a kan darduma. Ban san mi zan roƙa mashi ba, sai na ce Allah ya sassauta.

Washegari Munira ta zo yini da jaririyarta Khairunnisa. Yarinyar na fitar da haƙori, tun da sunka shigo take tsala ihu. Na ce ma uwar, "Kawo ta nan, ke ba ki iya goyo ba, kamar kin ɗaura buhun gawayi." Na saɓa ta a baya na ɗaure da zane. Sai idona ya faɗa kan ƙwaryar geron jiya. Ya sha ruwa, in ya ƙara kwana zai yi tsami. Mai inji ba zai tada inji don ɗan wannan ba. Ni kuma ba a zubar da hatsi a gidana.

Na mirgina turmin zuwa jikin katanga. Akwai ɗan rami a wurin, inda gindinshi ya ci ƙasa shekara da shekaru, ya faɗa ciki daram. Na zuba gero na fara. Kafaɗar ta yi ƙara sau biyu ta haƙura. Yarinyar ta yi shiru, kanta na lilo a bayana. Kajina sunka taso daga ko'ina suna tsintar abin da ya fallatsa.

Ban yi nisa ba na ji ƙafar Gladys a guje a tsakar gidansu. Na ji ƙofar situdiyo ta bugu da bango. Na ji ana yage soso, fyaat, fyaat.

"Baba, saurara! Ka ji?"

Shekara nawa ya yi shina gyara ɗakin nan don kada ya ji ni, ya kuwa gyaru. Sai da ta yage soson ƙofar duka ta bar ta wangale. Na tsaya ina saurare.

"Mama, kar ki tsaya!" ta ƙwala mani ta kan katanga. "Don Allah ci gaba!"

Na ci gaba. Can sai ga ta a zaurenmu tana haki, tana kiran Malam. "Baba Malam, zo ka kama mani. Ya ce a fitar da shi."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, katanga na tsakani. Malam ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce a kujerar roba sunka ɗauko shi, ba shi da nauyi sai ƙafafun. Da rana ta taɓa fuskarshi ya runtse ido, hawaye na zuba, ya ce ba kuka ba ne, haske ne. Ya nuna gindin mangwaro. Ya sa Gladys ta kawo kujera 'yar tsugunne ta ɗora wayarta a kai tana ɗauka, ta ajiye kwamfutarta ta hannu da ɗan lasifika a inda Alice ta tsaya.

Ni muryarshi kawai na ji, ƙasa-ƙasa, dab da bango.

"Maman Munira."

"Na'am."

"Mi kike dakawa?"

"Geron da ka ɓata mani jiya."

"Da goyo?"

"Da goyo."

Sai ya ce, "Kar ki saurare mu. Yi aikinki."

"Da ma shi nake yi."

Na ji Gladys tana cewa, "Baba, in gaya mata inda za ta fara? In ƙirga mata?"

"Bar ta. Ki danna kawai."

Na ɗaga taɓarya. Duf. Duf. Duf. Ban san sanda ta danna ba. Na dai ji maƙwabciyata ta ɗauki waƙa a bayan katanga, yadda ta saba, ni kuma ina da abincin rana a gabana. Ban bi ta ba. Gero ya hau gefen turmi, na tsaya na sa hannu na tura shi tsakiya, na gyara zanen goyo da ya sassauto. A daidai nan Alice ta ja murya ta riƙe, dogo, tana jira. Na mayar da taɓarya, ta sauko tare da ita.

Wurin nan Baban Gladys ya fi yankawa, ya sha faɗa mani, wai ta ja ya wuce layi ba dalili. Ashe ni take jira in gyara Munira.

Na dake na ci gaba. Wani wuri na riga ta, wani wuri ta riga ni, kafaɗar tsohuwa ba ta yarinya ba ce. Amma muna haɗuwa. Da ta kai ƙarshe ta yi 'yar dariya, wadda ke cikin kaset ɗin tun asali, ni kuma na ƙara bugu kaɗan don geron bai gama ba.

Sai kurciya a kan mangwaro.

"Baba, ya shiga," in ji Gladys. "Akwai wuri biyu da ya ɗan kauce. In na sa a kwamfuta zan jawo su kan layi, ba wuya."

"Kar ki taɓa."

"Har kukan kaji ya shiga, da tarinka."

"Kar ki taɓa, na ce. Ya gama." Ya huta. "Maman Munira, sannu da aiki."

"Sannu da fitowa," na ce. "Za a dama fura, a kawo maka?"

"A kawo. Kar a cika yaji."

Bai koma ɗakin ba. Sunka fito da gado baranda, anka ɗaura mashi gidan sauro. Mutanen cocinsu sunka riƙa zuwa suna zama da shi, tsofaffin 'yan kwaya da ya ɗauka tun suna samari. Duk wanda ya zo sai ya sa Gladys ta kunna mashi a waya, shina nuna katanga da haɓa: "Mai gangar tana can." Furar cokali biyu ya sha, amma ya ce ta yi. Numfashin bai gyaru ba, kumburin ma bai sauka ba. Sai dai in na fito alwala ina jin shi shina yi ma 'yan mangwaro faɗa, yaran da ke jifa daga waje, wai su bari ya nuna.

Bai kai Lahadi ba. Bayan la'asar ne, na idar da salla na zuba kunu a kwano na taka dutse na miƙa ta kan katanga, ina kiran Gladys. Tana zaune a bakin gadon, hannunta a kan nashi. Ta ɗago ta dube ni.

"Mama, bar kunun."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko da kwanon na rufe shi da faifai. Na zagaya na shiga, na ja mashi zane zuwa ƙirji, na kore ƙudan da ke kan goshinshi. Idonshi a rufe, fuskar na kallon sama ta cikin ganye. Na aiki Malam ya kira fastonsu, ni kuma na koma na ɗora babbar tukunya, don na san gidan zai cika kafin dare.

A ƙauyensu kan tudu sunka kai shi, kusa da Alice. Ban je ba, na tsaya ina dafa ma masu dawowa. Matan zumunta sunka ce mani an sa waƙar a bakin kabari, wata tsohuwa ta tambaya wane makaɗi ne wannan mai nauyin hannu.

Kafin Gladys ta koma Kaduna ta sa magini ya fasa bulon tagar. Kwalayen ƙwai ta tara a tsakar gida, na roƙa ta ba ni na hura wuta. Tsohuwar kwamfutar ta lulluɓe da zanen uwarta ta bar ta a inda take.

Ranar da za ta tafi, da hantsi, ina shanya a igiya, tana can tana haɗa kaya. Sai na ji ta kunna waƙar. Duf. Duf. Duf. Turmina na kife a gefen rumbu, taɓarya jingine da bango. Kajina sunka ɗago kai. Uwar ta fara, 'yan tsakin sunka bi ta a guje, sunka taru a ɗan ramin nan na jikin katanga, suna tona ƙasa suna neman gero.